Darat Kaka Ce, Ba Rani Ba: Sharhi a Kan Fim ɗin Mahamat-Saleh Haroun

'Yan'uwa masu karatu. Saura kaɗan in ce masu sauraro, domin wanda ya saba da makirufo, ko alƙalami aka miƙa masa sai ya nemi jama'arsa.

Kuskuren da na tafka a rediyo shi ne asalin wannan rubutu. A wani shiri da nake gabatarwa da Hausa a nan Injamena, ina ba da labarin finafinan Mahamat-Saleh Haroun, sai na zo kan wanda ya fitar a 2006, na ce sunansa Daratt, wato rani. Ba ni na ƙirƙira ba, haka aka fassara sunan da Faransanci da Turanci. Ba a yi minti biyar ba wani dattijo ya bugo waya daga Durbali, garin da aka haife ni. Bai ga fim ɗin ba, bai ma san da shi ba. Ya ce, "Ɗana, kai da ka tashi a gabanmu, yaushe darat ta koma rani? Darat ai kaka ce. Ko zaman birni ya sa ka manta lokacin cin tumu?" Na ce, "Baba, a gafarce ni, na karɓi gyara." Muka yi dariya, na sa waƙa. Amma maganar ta bi ni har gida.

A daren na sake kallon fim ɗin. Karo na huɗu ke nan, amma karo na farko da na kalle shi da kalmar kaka a raina, sai na ga kamar wani fim ne daban. Abin da nake so in nuna shi ne, Haroun ya ɗauki sunan kaka da hukuncinta, wato biyan bashi da girbin abin da aka shuka, amma ya bar mutanen kaka a waje. A nan ƙarfin fim ɗin yake, a nan kuma nake da jayayya da shi.

Kalmar da aka fassara

Larabcin Chadi, kamar Hausa, bai raba shekara gida biyu kawai ba. Akwai rushash, lokacin yayyafin farko. Akwai kharif, wato damina. Akwai darat, daga wajen ƙarshen Satumba zuwa cikin Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya nuna. Akwai shite, wato hunturu, sannan sef, tsananin zafin nan da muke kira rani da bazara. Mai fassara bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin da darat ne bushewar ƙasa ke farawa. Amma ga manomi, tsakanin darat da sef akwai tazarar da ke tsakanin cikakken rumbu da wanda aka fara jin ƙasansa. Wanda ya ji rani zai shiga kallo yana tsammanin labarin ƙishirwa da rashi. Wanda ya ji kaka zai shiga yana tambaya: me aka shuka, wa zai girba, wa ke bin wa? Haroun haifaffen Abeche ne, a 1961, da wannan Larabcin ya tashi, ya san nauyin kalmar da ya zaɓa.

Labarin a taƙaice

Ga wanda bai gani ba, ina neman afuwa, domin sai na faɗi har ƙarshen labarin, in ba haka ba sharhin ba zai yiwu ba.

Atim yaro ne ɗan shekara 16, yana zaune da kakansa makaho a wani gari nesa da babban birni. Ma'anar sunansa maraya, domin an kashe mahaifinsa a yaƙin basasa tun ba a haife shi ba. Wata rana suna zaune gaban rediyo sai aka sanar cewa bayan binciken hukuma, an yi wa duk masu laifin yaƙi afuwa. Gari ya hargitse, aka ji harbi, jama'a suka watse, sai takalma warwatse a kan hanya. Tsohon ya ɗauko bindigar ɗansa marigayi ya miƙa wa jikansa, ya tura shi Injamena ya nemo wanda ya yi kisan, wani mai suna Nassara.

Ya same shi, amma ba dodon da ya zata ba. Nassara ya zama mai gidan burodi, yana zuwa masallaci, yana raba wa yara marasa galihu burodi a ƙofar gidansa. Yaƙi ya bar masa tabo a maƙogwaro, ba ya iya magana sai ya kanga wata 'yar na'ura a wuyansa, muryar ta fito kamar ta rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Bai san ko wane ne yaron ba, ya ɗauke shi aiki, ya koya masa kwaɓi da gashi. Matarsa A'isha yarinya ce mai juna biyu, kuma abin da ke cikinta bai zo da rai ba. Daga nan Nassara ya nemi ya riƙe Atim a matsayin ɗa. Da maganar neman yardar dangi ta taso, Atim ya kai shi gaban kakansa a cikin rairayin sahara. Tsohon ya sa ya tuɓe, ya ba da umarnin harbi. Atim ya harba sama sau biyu, ya kama hannun kakansa suka tafi, suka bar Nassara kwance da ransa.

Ali Barkai ne ya fito a Atim, Youssouf Djaoro a Nassara, Aziza Hisseine a A'isha. Fim ɗin na cikin waɗanda aka ɗauki nauyinsu don bikin da aka yi a birnin Biyana na cikar mawaƙi Mozart shekara 250 da haihuwa. Ya ci kyautar musamman ta alƙalai a bikin finafinai na Benis a 2006, ya kuma zo na uku a babbar gasar FESPACO ta Wagadugu a 2007.

Kakar da na sani

Kafin in auna fim ɗin, bari in nuna muku mudun da zan auna shi da shi.

Durbali gari ne a yankin Shari-Bagirmi, kimanin kilomita 100 kudu maso gabas da Injamena, an san shi da kasuwar dabbobi. Mu Hausawan cikinsa tsiraru ne. Kakan mahaifina daga ƙasar Katsina ya taso a ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare, ya tsaya noma don ya tara na gaba, aka ba shi mata, tafiyar ke nan. Irin labarin da Hausawan Chadi da yawa za su ba ka ke nan, har wani masanin tarihi, John Works, ya wallafa littafi a kanmu a 1976.

Kaka a garinmu da ƙamshi take yin sallama. Tun gero bai gama bushewa ba yara za su karyo zangarniya a gasa tumu, a murje a tafin hannu, a hure, a watsa a baki da zafinsa. Daga nan sai gayya: yau gonar wane, gobe ta wane, mai gona ya ciyar, a yanke, a ɗaure dami, jakuna da amalanke su yi ta jigila har magariba. Mata na yanka kuɓewa suna shanyawa a kan tabarmi da rufin ɗaki, ga yakuwa, ga gyaɗa, ga riɗi. Da asuba ba agogo ke tashe ka ba, ƙarar taɓarya ce daga gida goma a lokaci guda. Da dare, in akwai farin wata, 'yan mata na gaɗa a dandali, samari na kokawa, tsofaffi na tatsuniya. Duk auren da aka ɗaga tun bazara kuwa, kaka yake jira.

Amma kada in yi muku ƙaryar masu begen ƙauye daga birni. Kaka lokacin zazzaɓi ne, sauro ya gama hayayyafa a kududdufai, zafin Oktoba kuma ba shi da tausayi. Lokacin rigima ne, domin garken makiyaya kan fara gangarowa kudu tun wasu ba su kwashe amfaninsu ba. Sama da duka, lokacin lissafi ne. Wanda rumbunsa ya yi ƙasa a watan Agusta ya je ya ci bashin hatsi koro-koro, yanzu zai biya, wani sa'in da ƙari mai nauyi, kuma a daidai lokacin da farashi ya faɗi, manyan motocin 'yan Kasuwar Gero ta Injamena na jira a bakin gari. Dami goma, a ware ɗaya na zakka. Mai shago ya buɗe littafinsa. Wadda ta kai wa ƙawarta gudummawar biki bara, bana tana zuba ido. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma da kaka ake ganinsa a fili.

Kuma ba a warware shi a ɓoye. Ina ɗan shekara goma shanun wani makiyayi suka faɗa gonar baffana, saura kwana ɗaya a kwashe dami. Baffa ya ɗauko gora. Kafin ya kai bakin gona maƙwabta sun tare shi. Aka zauna a ƙofar bulama, aka tura mutum uku suka kewaya gonar suka ƙiyasta ɓarna, aka yanke abin da za a biya. Liman ya sa baki, baffa ya yafe kashi ɗaya cikin uku, aka shafa fatiha, aka sha shayi. Bayan sati biyu shanun nan ne dai ke kwana a gonar suna cin kara suna zuba taki, matar makiyayin na kawo wa innarmu nono tana karɓar hatsi. Ba wai sun fi kowa kirki ba ne. Kowa dai ya san gobe ma kasuwa ɗaya za a ci.

Inda fim ɗin ya dace

Da wannan idon, Daratt daga farko har ƙarshe labarin mai bin bashi ne. An shuka jini shekara 16 da suka wuce, shukar ta nuna, ta zama saurayi, an aike shi ya karɓo. A nan Bahaushe yana da wata riba: a rubutunmu kalma ɗaya ce ke nufin lokacin girbi da kuma mahaifin uba. Kaka ne ya aiki Atim a fim mai suna kaka. Dacewar harshe ce kawai, amma tana tuna mana cewa tsofaffi ne ke riƙe da littafin bashi, yara ne ake aika.

Abu na farko da Haroun ya gane shi ne laifin waccan afuwa ta rediyo. A ƙofar bulama baffana ne ya yafe, domin gonarsa ce. Da bulama ya miƙe ya ce ya yafe wa makiyayi ba tare da ya tambayi mai gona ba, da an kwana ana faɗa. Abin da hukuma ta yi ke nan a farkon fim ɗin: ta yafe bashin da ba nata ba. Haroun bai sa kowa ya tsaya yi mana lacca a kai ba. Akwatin rediyo, fuskar tsoho, takalman da aka gudu aka bari, shi ke nan, ka gane.

Abu na biyu shi ne burodi. A fim ɗin da ke ɗauke da sunan girbi, ba gona, ba dami, ba rumbu. Hatsin da muke gani fulawa ce kawai, kuma mun san mafi yawan fulawar burodin Injamena daga waje ake shigo da ita. Gidan burodin Nassara shi ne gonar da ta rage. A can ne Haroun da mai ɗaukar hotonsa, Abraham Haile Biru, suka yi haƙurin da na yaba: hannu cikin kwaɓi, gumi na tsatsafowa, bakin tanda, mutum biyu kafaɗa da kafaɗa ba mai ce da wani uffan. Duk wanda ya taɓa yin gayya kusa da mutumin da ba sa ga maciji ya san abin da ke faruwa. Ba ka daina jin haushinsa ba, amma ka ga yadda yake riƙe lauje, ka ga ya gaji kamar yadda ka gaji, ƙiyayyar ta samu tsaga. Ba wa'azi ne ya hana Atim harbi ba, aiki ne.

Sadakar Nassara ma sai da idon kaka ake gane ta. Kullum yana fitar da burodi kamar mai fitar da zakka, amma zakka ba ta biyan bashi. Yana ciyar da marayun wasu, alhali marayan da shi ya mayar maraya yana tsaye a tsallaken hanya. Ranar da Atim ya karɓi burodin ya gutsura ya tofar, a wurina babu wurin da ya fi wannan gaskiya a fim ɗin.

Akwai kuma abin da mutanen Shari-Bagirmi za su gane nan take. Darat ba girbi kaɗai ba ce, lokacin dashe ce kuma. Da ita ake tumɓuke irin masakwa, dawar da ake kira berbere a nan Chadi, a dasa a ƙasar laka bayan ruwa ya janye. Ba za ta ƙara ganin ɗigon ruwan sama ba, da sauran danshin da ke ƙasa za ta rayu har a girbe ta a ƙarshen hunturu. Haka na ga Atim: an tumɓuke shi an dasa a gidan maƙiyinsa, ya rayu da ɗan danshin mutuntakar da ya rage a wurin.

Sai shiru. Mu a rediyo shirun daƙiƙa biyar laifi ne, har a leƙo a tambaye ka lafiya. Haroun kuwa ya gina fim na awa ɗaya da rabi a kan mutumin da ba ya iya magana da yaron da ba ya son magana, kuma ba ka gajiya. Masu shirya finafinanmu na Kano, waɗanda sai jarumi ya faɗi duk abin da ke ransa sau biyu, suna da darasi a nan.

Inda na yi jayayya da shi

To amma ina mutane? Injamenar wannan fim gari ne na katanga da rufaffun ƙofofi. Na san abin da za a ce mini: ai abin da yaƙi ya yi ke nan, ya cinye maƙwabtaka. Akwai gaskiya a ciki. Ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin ne ma 'yan tawaye suka shigo birnin ranar 13 ga Afrilu, 2006, aiki ya tsaya. Hasken da ke cikin hotunan na sef ne, ba na darat ba, kuma tsoron da ke kan titunan ba na aro ba ne.

Duk da haka ban gamsu ba. Na tashi cikin mutanen da suka ga waɗannan yaƙe-yaƙe, kuma abin da ya rayar da su shi ne ainihin abin da fim ɗin ya cire. Ranar da ake miƙa wa yaro ɗan shekara 16 bindiga, babu muryar mace ko ɗaya da ta ce a'a ko i. Ina uwa, ina gwaggo, ina inna? A gidajenmu namiji na iya yanke magana a zaure, amma kafin gari ya waye ta bi ta madafi an rage mata kaifi. Haka nan A'isha. Abin da ya tsaya mini a rai game da rashin da ta yi shi ne kaɗaicinta, wanda ya fi kusa da ita a baƙin cikin shi ne Atim. A inda na fito, mace ba ta rasa ciki ita kaɗai. Gida cika yake da mata, wata na dama kunu, wata na hura wutar ruwan wanka, wata na ba da labarin nata rashin. A hannun Haroun, A'isha ta zama gada kawai tsakanin maza biyu: cikinta ya lalace domin Nassara ya bukaci ɗa. Wannan rauni ne na rubutu, ba hoton yaƙi ba. Shi kansa ya cike wannan giɓi daga baya, domin fim ɗinsa Lingui na 2021 kacokan a kan zumuncin matan Injamena yake, yadda suke rufa wa juna asiri.

Babbar jayayyata kuwa a kan ƙarshen take. Shari'a ta ba mai jini zaɓi uku: ƙisasi ta hannun hukuma, ko diyya, ko afuwa. A Chadi har gobe ana zaman diyya, dangi su haɗa, dattawa su shaida. Kowanne daga cikin ukun a gaban mutane ake yinsa, domin amfaninsa shi ne kowa ya san magana ta mutu. Afuwar Atim ta gaskiya ce, domin shi ne mai jinin. Amma a ɓoye ya yi ta, a tsakiyar sahara, ba shaida. Nassara bai tsaya gaban kowa ya ce na yi ba. Tsohon bai yafe ba. Ba a biya bashin ba, ba a kuma soke shi ba, an dai yage shafin an ɓoye a aljihun yaro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma Haroun ya ɗora wa hannu ɗaya.

Ƙaryar da aka yi wa makaho

Da a nan na tsaya, da na yi wa fim ɗin rashin adalci, domin ni ma na taɓa yi wa tsohuwa ƙarya.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya tafi cin rani Libiya bayan wata kaka. Motarsu ta lalace a sahara. Bayan watanni labari ya zo cewa bai kai ba. A lokacin kakarmu, wadda muke kira Iya, tana kwance, ido ya yi rauni, hawan jini ya sa ta gaba. Manya suka yanke kada a gaya mata. Kaka biyu aka yi ana sayen turmin zane da sukari da ganyen shayi, a kawo mata a ce saƙon ɗanta ne. Mai shago ya sani. 'Yan matan da ke mata tsifa sun sani. Liman ya faɗi ra'ayinsa sau ɗaya cewa bai so ba, daga nan ya kama bakinsa. Ni kuwa, da yake ni ne ɗan boko a gidan, ni ake miƙa wa tsohuwar takarda a ce in karanta mata wasiƙa. Ina ɗan shekara 12 nake ƙirƙiro gaisuwar mamaci. Shirina na farko ke nan, mai sauraro ɗaya.

Saura 'yan kwanaki ta rasu ta kira mahaifiyata ta ce, "Ku daina wahalar da yaron nan da karatun wasiƙa. Na sani tun bara." Ta sani, ta bar mu muna yi, domin ta ga mu ne muke bukatar ƙaryar.

Tun da na tuna wannan, kallon da nake yi wa ƙarshen Daratt ya sauya. Makaho da kunne yake gani, kuma wannan tsoho ya rayu cikin yaƙi. Anya bai san bambancin harbin sama da harbin mutum ba? Mai yiwuwa ya sani. Mai yiwuwa da ya miƙa hannu jikansa ya ja shi, karɓar ƙaryar ya yi, don ya fita kunyar ɗansa marigayi ba tare da ya mayar da jikansa mai kisa ba. In haka ne, to an yi zaman sulhu a wurin, na mutum uku, ba tare da an furta ba. Fim ɗin bai tabbatar ba, bai kuma rufe ƙofar ba, wannan kuwa gwaninta ce. Amma bambancin na nan: ƙaryarmu mutum talatin suka ɗauka, kowa ya kama gefe. Ta Atim shi kaɗai zai kwana da ita.

Muryar cikin akwati

Akwai dalilin da ya sa wannan fim ke hana ni barci fiye da sauran masu kallo. Kowa na ganin kansa a Atim ko a tsohon. Ni kuwa muryar cikin akwatin nan ce sana'ata.

Tarihin ƙasarmu ya ba da amsar da fim ɗin bai bayar ba. Hissène Habré ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990. Kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta cewa mutum 40,000 aka kashe a zamaninsa. Waɗanda suka tsira da iyalan mamata ba su ɗauki bindiga ba, ba su kuma harba sama sun yi shiru ba. Sun yi shekaru fiye da ashirin suna bin haƙƙinsu, har suka tsaya gabansa a Dakar suka ba da shaida da bakinsu, aka yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu, 2016. Ya rasu a Agusta 2021. A 2016 ɗin Haroun ya fitar da fim na gaskiya a kan waɗannan mutane, inda ya bar su suka yi magana. Ƙofar bulama ke nan, sai dai ta yi nisa, ta kuma yi jinkiri.

Sannan a Nuwamba 2023 majalisar riƙon ƙwarya ta amince da dokar afuwa a kan abubuwan da suka faru ranar 20 ga Oktoba, 2022, ranar da aka rasa rayuka a zanga-zanga a Injamena da wasu garuruwan kudu. Abin ya faru da darat, afuwar ma da darat ta zo. Ni na karanta labarin da Hausa a tasharmu. Na karanta shi daidai, ban ƙara ba ban rage ba, kamar yadda aka koya mana a makarantar aikin jarida. Amma da na kashe makirufo sai na tambayi kaina: a wane gida ne wani tsoho ke zaune gaban rediyo yanzu, kuma wa ke kusa da shi? In akwai maƙwabta da gwaggo da liman, da sauƙi. In daga shi sai jika, to fim ɗin Haroun bai ƙare ba.

Kira ga marubutanmu

Hukuncina shi ne, Daratt babban fim ne, kuma ina roƙon duk wanda ya samu hali ya kalla. Ya nuna mana siffar kaka in an cire mata jama'a: bashi tsirara, ba mai shiga tsakani. Abin da bai nuna ba shi ne yadda jama'ar ke aiki in suna nan, kuma wannan aikin namu ne.

Littattafanmu na Hausa da finafinanmu sun tare a falo da ofis da jami'a. In ƙauye ya fito, ko dai wurin ban dariya ne, ko wurin da yarinya ta baro kafin ta yi dace da mai kuɗi. Alhali fiye da shekara 70 ke nan da Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya, ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Babu sarki ko jarumi a tsakiyar littafin, sai aure da kishi da goyo da ƙawance da biki, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Duk abin da marubuci ke nema yana cikin sati shida na kaka a ƙaramin gari: kuɗi ya shigo, mai bashi ya zo, an sa ranar aure, shanu sun shiga gona, saurayi na ɗaure kayan cin rani, uwa na kallonsa. Wa zai rubuta mana wannan, ba da ba'a ba, ba kuma da begen ƙarya ba?

Ni dai na yi wa dattijon nan alkawari. In Allah Ya kai mu kaka mai zuwa zan je Durbali da fim ɗin a kwamfuta, mu shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan isha'i, maza da mata, a kalla tare. Ina so in ji abin da iyayenmu mata za su ce game da A'isha, in kuma tambayi tsofaffi ko makahon ya sani. Abin da suka faɗa zan kawo muku, ko da ya rushe duk abin da na rubuta a nan.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da kaka mai lafiya, Ya sa mu biya abin da ake bin mu tun muna da hali. Wassalam.